Farar Motar Baban Nyokabi

"Maman Nyokabi! Na ce ki fito ki duba ƙofar nan da idonki!"

"Na gani daga nan. Laka ce. A garin nan aka haife ka, yau ka fara ganin laka?"

"A jikin motata?"

"To a jikin wa kake so ta zauna? Kare ya jiƙe, ya girgiza jikinsa. Ce masa zan yi ya dakata sai an kawar da gimbiya daga tsakar gida?"

"Daga yau ba a ƙara wanke kare a ƙofar gidan nan. Na faɗa."

"Mun ji. Mbogo, ka ji ko? Gwamnati ta yi magana."

Mai ihun nan shi ne Ndiritu, mijin yayata Gathoni. A gidansu nake zaune, a kan tudu kusa da garin Othaya, tsakiyar gonakin shayi. Ndiritu ba mugu ba ne. Ba ya shan giya, ba ya ɗaga wa kowa hannu, kuma yana son 'yarsa Nyokabi. Amma yana da ciwo guda, wato motarsa. Fara ce tas, kujerunta kalar madara, kuma har lokacin bai cire ledar da ta zo da su ba. Ranar Lahadi, mahaifiyarsa Kaka Wamuyu sai ta cire takalmanta ta zuba a leda ta rungume kafin ya buɗe mata ƙofa. Duk ƙauyen an san kalmarsa: "Takalmi! Takalmi a hannu!"

Ni kuwa Allah ya yi ni da kunne. Duk muryar da na ji sau biyu, ta zama tawa. Nakan laɓe a bayan tankin ruwa in daka tsawa da muryarsa, "Takalmi!", sai ka ga mai kawo madara ya tsaya a tsakar gida da ƙafa ɗaya yana kiciniyar cire takalmin roba. Har haushin karnukanmu na iya. Mbogo, baƙin, muryarsa kamar ana buga ganga a cikin rijiya. Kahawa, ja mai sanyin hali, tata siririya ce mai ɗan kuka a ƙarshe, kamar tana ba da haƙuri.

Wanda ya yi damina a wajenmu ya san lakarmu. Ja ce, mai danƙo, idan ta kama farin abu sai dai a yi haƙuri da shi. Karnuka kuwa gonar shayi ce filin wasansu. Su fita da safe da kalarsu, su dawo kala ɗaya.

Yaya Gathoni tana da tsarinta tun kafin motar ta zo. A ƙofar baya akwai tsohon baho, da buhuna a shimfiɗe, da tsofaffin tawul a rataye a ƙusa. Kare ya dawo, sai ta sirka ruwan ɗumi, ta fara daga tafin ƙafa zuwa sama. Ba da tiyo take wankewa ba, da hannu. Takan ce hannu ne yake gani. Yatsunta su ne suke gano kaska a bayan kunne, da ƙaya a tsakanin yatsu, da yankan waya a ciki. Sai ta goge shi ya bushe, sannan ya hau baranda. Idan kuma za a kai su wani wuri a mota, akwai wani tsohon bargo mai kauri da ake shimfiɗawa a kujerar baya. Shi ke nan. Gidan yana da tsafta, karnukan suna da lafiya.

Amma jiƙaƙƙen kare dole ya girgiza, kuma ranar nan Mbogo ya girgiza kusa da gimbiya. Don haka aka kafa sabuwar doka. Kare ya dawo da laka, a kulle shi a ɗakin itace da ke can ƙasan gida, sai lakar ta bushe ta zube da kanta. Aka kife bahon. Yaya ta yi magana har ta gaji ta bari.

Ana cikin haka aka yi shela cewa likitocin dabbobi za su zo kasuwa ranar Asabar su yi wa karnuka allurar riga-kafin hauka. Ni da Yaya muna da taron mata a coci ranar. Tun da safe ta naɗe bargon, ta ɗaure shi da igiya, ta saka a but ɗin motar.

"Baban Nyokabi, ga bargo nan. Ka shimfiɗa, ka kai su, ka dawo da su. Ko da ruwa ake yi."

"Na ji. Ni yaro ne?"

Ruwa kuwa aka wuni ana yi. Da muka dawo da yamma, ga karnuka a ɗakin itace, kowanne da shuɗin fenti a goshi, irin alamar da likitocin suke sa wa wanda aka yi wa allura. Ga mota a gareji tana ƙyalli.

Na leƙa ciki na shaƙa. Na ce, "Baban Nyokabi, karnukan nan turare suka shafa kafin su shiga?"

Ya ce, "Waithera, wanda ya iya, ya iya. Ki je ki taya yayarki girki."

Muka yi dariya, aka bar maganar.

Ba a jima ba, wata safiya Kahawa ta dawo a makare, laka tun daga hanci har wutsiya, tana ɗan ɗingishi. Nyokabi ta ruga za ta rungume ta, uban ya daka tsawa, aka kai ta ɗakin itace. Lakar ta bushe, ta zube, ɗingishin ya wuce. Babu hannun da ya taɓa cinyarta.

Makonni suka shuɗe. Sai Kahawa ta fara canzawa. Ta daina cin abinci. Ta daina zuwa idan an kira ta. Sai ta nemi wuri mai duhu ta kwanta, kuma wurin da ta zaɓa shi ne ƙarƙashin motar.

"A fitar min da ita! Za ta goga min jiki a taya!" in ji Ndiritu, yana neman sanda.

Nyokabi ba ta so a doki Kahawa. Kafin kowa ya ankara ta durƙusa ta miƙa hannu ƙarƙashin motar tana cewa, "Kahawa, zo, zo mu tafi." Sai muka ji ƙara.

Cizon a wuyan hannu ne, haƙora biyu, ba mai zurfi sosai ba. Yaya ta kai ta famfo ta yi ta wankewa da sabulu, yarinya tana kuka. Da ta gama ta ɗaure, sai ta sauke ajiyar zuciya.

"Mun gode Allah da aka yi musu allura. Da ba a yi ba, da yanzu muna hanyar asibiti. Ko ba haka ba, Baban Nyokabi?"

Ya ce, "Haka ne."

Ya faɗa yana kallon ƙasa. Ranar bai ci abincin rana ba. Washegari ma tura kwanon ya yi gefe, kuma a karo na farko tun da na san shi, gari ya waye bai wanke mota ba. Na so in tsokane shi, amma da na kalli fuskarsa sai bakina ya ƙi.

Rana ta gaba da hantsi ina shanya kaya, sai na ji haushi daga ɗakin itace, inda aka kulle Kahawa ita kaɗai. Kamar yadda na saba, na buɗe baki zan mayar mata. Na kasa. Wannan ba muryar da na sani ba ce. Ta dushe, ta yi kauri, tana farawa kamar haushi ta ƙare kamar ana shaƙe mutum. Na sake gwadawa a hankali, maƙogwarona ya ƙi karɓa.

Kaka Wamuyu tana zaune a baranda tana tsince wake. Kunnenta ya yi nauyi, amma sai na ga ta ajiye faifan.

"Waithera, ke ce kike wannan?"

"Ba ni ba ce, Kaka."

"Kar ki yi min wasa."

"Na rantse ba ni ba ce."

Ta miƙe a hankali. Ta ce, "Sau ɗaya na taɓa jin wannan kukan, ina yarinya. Karen maƙwabcinmu ne. Ya ciji wani ɗan'uwana. Daga baya idan aka nuna masa ƙoƙon ruwa sai ya yi ta ihu, har aka ɗaure shi a gado." Ba ta ƙarasa ba. Ta ɗaga murya ta kira Yaya.

Muka leƙa ta tsagar katako mu uku. Kahawa tana tsaye tana layi, baki a sake, yawu yana zuba har ƙasa. Ta ciccije ƙasan ƙofar har bakinta ya yi jini. A cinyarta, inda gashi ya zube, ga tabon haƙora a fili, tsohon cizo ne da ya warke a ƙarƙashin laka.

Yaya ta ce, "Amma an yi mata allura. An yi mata." Tana faɗa tana maimaitawa kamar addu'a. Ta juya ta nufi gareji, ba gudu ba, tafiya kawai. Na bi ta. Ta buɗe but ɗin motar.

Bargon yana nan. A naɗe, a ɗaure da igiyar, da irin ƙullin da ita kaɗai take yi. Ta kwance shi ta baza. Ba gashi ko ɗaya. Ba sawun ƙafa. Ƙamshin sabulu kawai yake yi.

Ndiritu yana tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi.

"Baban Nyokabi." Muryarta ƙasa-ƙasa. "A kan me suka zauna?"

"Na... na riƙe su ne a ƙasa."

"Kana tuƙi?"

Ya kawar da kai.

"Fentin fa?" in ji Yaya.

Kaka ce ta amsa daga bayanmu. "Na tumakina ne. Na yi ta neman gwangwanin."

Ndiritu ya ajiye kofin. "Ruwa ake yi ranar, Gathoni. Ba ki ga yadda suke ba. Na ce zan kai su wani satin idan an yi rana. Na je gari na sha shayi na dawo. Wani satin kawai na ce..."

"Ka ji ni ina gode wa Allah. Ka ce min haka ne. Ka kwana, ka sake kwana, yarinya tana barci a gefenka."

Ba ta jira amsa ba. Ta ce, "Ɗauko makulli. Waithera, ɗauko Nyokabi."

Ina fitowa da yarinyar a kafaɗa sai na ga Kaka ta daskare a baranda tana nuni da yatsa. Ƙasan ƙofar ɗakin itace ya karye. Kahawa ta fito. Ta hauro tsakar gida tana tangaɗi, ta zo ta tsaya daidai bakin garejin, tsakaninmu da motar. Idanunta a buɗe suke amma ba kowa a cikinsu. Tana cizon iska.

Muka koma kicin muka rufe ƙofa. Mbogo yana ɗaure a baya yana kuka irin na tsoro.

"Ka kore ta mana! Ai muryarka take tsoro," in ji Yaya.

Ndiritu ya leƙa ta taga ya buɗe baki. Mutumin da tsawarsa take kaiwa har ƙasan kwari, ba abin da ya fito sai iska.

Nyokabi ta ce, "Mama, ni in na kira ta tana zuwa."

Yaya ta matse ta a ƙirji. Sai ta ɗago ta kalle ni, ni ma na kalle ta.

Akwai ɗakin ajiyar masara a gefen gareji, na dutse, mai ƙofar ƙarfe, a buɗe, da ƙaramar taga mai waya ta baya. Na fita ta ƙofar baya na zagaya ta cikin shayin, ƙafafuna suna nutsewa. Na manna bakina a wayar tagar. Na haɗiyi yawu, na nemo muryar yarinyar, siririya mai ɗan tsamin baki.

"Kahawa. Zo, zo mu tafi."

Ban ji komai ba. Na sake kira. Sai na ji jan ƙafa a kan siminti, da wani numfashi mai gurnani. Ta shigo. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta ɗago kai wajen tagar, kuma na rantse sai da wutsiyarta ta motsa sau ɗaya. Daga nan ta yi tsalle ta daki wayar da haƙora, daidai fuskata. Na faɗi da baya cikin laka. A lokacin na ji ƙarar ƙofar ƙarfe. Yaya ce ta rufe, ta sa sakata.

Na shiga motar yadda nake, laka har wuya. Ba wanda ya ce min takalmi.

Hanyarmu tana gangarawa rafi kafin ta hau zuwa kwalta. A hawan ne motar ta kafe. Tayoyin baya suna juyawa a banza suna watsa jar laka. Ndiritu ya fita da farar rigarsa ya durƙusa yana tura rassa da duwatsu ƙarƙashin taya da hannunsa. Nyokabi ta ce, "Mama, ina jin ƙishirwa," sai Yaya ta fashe da kuka, don ba mu san ko wannan alama ce mai kyau ko mummuna ba.

Wasu mata masu tsinkar shayi suka gangaro da kwandunansu a baya. Babbarsu ta dubi tayoyin ta ce bayan motar ba nauyi, sai wasu sun zauna a ciki, wasu sun tura.

"Ku shiga!" in ji Ndiritu.

Matar ta dubi takalman robarta da suka zama dunƙulen laka, ta dubi kujerar. "Baban Nyokabi, takalmi fa?"

"Ku shiga da shi! Don Allah ku shiga!"

Suka cika bayan, wata a kan cinyar wata, da kwando da komai. Ledar kujerar ta yage. Sauran suka tura suna ihu, motar ta yi gurnani, ta zame, ta kama, ta hau.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambayi yaushe aka yi cizon. Da ta ji amsar sai ta ɗago ta kalli Ndiritu, kallon da har yau ban iya kwaikwayonsa ba. Aka yi wa Nyokabi allurai a kewayen ciwon da kuma a dantse, aka ce a riƙa dawo da ita har a kammala sauran. Yaya ta riƙe hannun likitan ta ce, "Mun makara?" Ya ce wankin da ta yi da sabulu ya taimaka, sun yi abin da za su iya, sauran sai jira.

Likitan dabbobi ya zo gida da yamma. Kahawa ba ta kai gobe ba. Gwaji ya tabbatar da abin da Kaka ta riga ta sani. Mbogo ma, da yake ba shi da riga-kafi kuma sun kwana ɗaki ɗaya, an tafi da shi bai dawo ba. Nyokabi ta daɗe tana ajiye masa ƙashi a gefen kwanonta.

Jiran nan shi ne abin da ba zan manta ba. Duk lokacin da aka miƙa wa yarinyar kofin ruwa, gidan gaba ɗaya yakan tsaya. Kaka ta daina tauna. Yaya ta tsaya da ludayi a sama. Mu zuba wa ɗan maƙogwaron nan ido har sai mun ga ya motsa. Wata rana ta ture kofin ta ce ba ta so. Tukunya ta suɓuce daga hannun Yaya, Ndiritu ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Ashe kofi mai hoton fure take so, ba wannan ba. Ta karɓa ta shanye, tana kallonmu kamar mahaukata. A watannin nan ban kwaikwayi kowa ba. Ba wanda yake da dariyar.

Allah ya tsare ta. Damina ta wuce, wata ta zo, Nyokabi tana nan tana gudu a gonar shayi, da ɗigo biyu farare a wuyan hannu. Bahon ya koma ƙofar baya, akwai sabon ɗan kwikwiyo, kuma Yaya ce da kanta take kai shi allura. Har yau idan Ndiritu ya ce mata ya yi wani abu, ko da sayen gishiri ne, sai ta ce, "Nuna min."

Kujerun motar ba su ƙara yin fari ba. Ya gwada duk sabulun da ake sayarwa a garin Nyeri. Wata Lahadi muna dawowa daga coci, bayan an yi mana addu'ar godiya a gaban jama'a, Kaka tana zaune a kujerar gaba da takalmanta a ƙafa. Ta daɗe tana kallon ɗanta, sannan ta ce, "Ndiritu, ɗana. Duk abin nan da ya faru, ka koyi wani abu kuwa?"

Ya gyaɗa kai a hankali, idonsa a kan hanya.

"Na koya, Mama. In zan sake sayen mota, mai jar kujera zan saya."

Kaka ta juya ta kalli taga. Yaya ta gyara wa Nyokabi hula.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, tsafta abu ne mai kyau, amma an yi ta ne don ta kare masu rai, ba don masu rai su bauta mata ba. Laka tana fita da ruwa da sabulu, kujera in ta lalace ana canza ta, amma yaro ba shi da madadi. Wanda ya ajiye dabba ya ɗauki nauyinta da lakarta da warinta: ya wanke ta da hannunsa don ya ga abin da ke jikinta, ya kai ta riga-kafi a ranar da aka sa, ko da ana ruwa. Idan kuwa ka gaza yin abin da aka ba ka amana, ka faɗa tun da wuri. Kunyar faɗin gaskiya ta ɗan lokaci ce, amma ƙaryar da aka yi don a tsira da kujera ta kusa cin ran yarinya.